Kwandalar Injiniya Baek

Dramani ɗan unguwar Aboabo ne ta Kumasi a Ghana, yana gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay ta birnin Doha. Da korona ta rufe Doha a 2020, benen ya zama kamar kango. A hawa na sha huɗu mutum ɗaya ya rage, Injiniya Baek, dattijo ɗan Koriya mai ciwon ƙirji, wanda likita ya hana fita.

Dramani ne ke kai masa cefane bakin ƙofa. Yakan ajiye leda, ya ja baya, su yi hira ta bayan ƙyaure da guntun Turancinsu. Wata bakwai suna haka. Da aka buɗe hanya dattijon ya tafi gida neman magani, Dramani kuma yana hutu ranar, ko sallama ba su yi ba. Sau biyu Dramani ya tura masa saƙo, shiru.

Ranar da Ghana za ta kara da Koriya a gasar cin kofin duniya ta 2022 a nan Doha, wata mata sanye da jar riga ta tsaya gaban teburinsa.

"Kai ne Dramani? Ni 'yar Injiniya Baek ce. Babana ya rasu bara."

Ta miƙa masa kwandalar azurfa cikin roba, ta ce mahaifinta ne ya bar wasiyya a kawo masa. Ba kuɗin kashewa ba ne, azurfa ce zalla. Jikinta an zana damisa zaune ƙarƙashin bishiya, da tsuntsu a reshe.

"A wajenmu damisa ce mai tsaron dutse. Hotonta ake liƙawa a ƙofa don kada sharri ya shigo. Tsuntsun nan shi ke kawo labari mai daɗi. Bishiyar kuwa ba ta zubar da ganye, komai sanyi." Ta yi ɗan murmushi. "Baba ya ce kai ne damisar."

"Baba ya sha wahala?" Dramani ya tambaya.

"Kaɗan."

Motar da za ta kai ta filin wasa tana jira, sai ta tafi.

Sauran masu gadi 'yan Zongon Ghana duk sun ɗauki hutu sun tafi kallo, shi kaɗai ke bakin aiki. Ghana ta ci uku da biyu. Ya ji ihu da hon na motoci ta bayan gilashi. Ya kira matarsa Fausatu a Kumasi don ya faɗa mata rasuwar dattijon, amma hayaniyar murna a gidan ta hana ta jin abin da yake cewa. Ta ce ya sake kira gobe.