Wanda Ya Saki Ganga

Shekara arba'in da shida Ottavio Bencini bai taka Montalvero ba, kuma da son ransa ne da ya cika hamsin. 'Yarsa Nives ce ta yanko tikiti ba shawara, ta ce wannan ce kyautar cikarsa shekara saba'in: za ta kai shi garinsu ranar bikin tura ganga, ta ga da idonta tutar da ya ciyo wa unguwarsu.

Tutar nan kuwa ba ta taɓa wanzuwa ba. A Jamus ya ƙera ta da bakinsa, a masana'antar motoci, ya kawo ta gida, yarinya ta tashi da ita. Abin da ya faru daban ne. Tsere ne tsakanin unguwanni, mutum biyu ke tura ƙatuwar gangar katako irin ta zuba giya daga ƙofar gari har dandalin coci, hawa zalla, kuma duk wanda ya taɓa turawa ya san wurin da ke raba maza, wato kwanar gidan burodi. A nan numfashin Ottavio ya ƙare, ya janye hannu bai ce uffan ba. Ganga ta dawo ta bi ta kan ƙafar abokin turinsa Ermete. Washegari da safe Ottavio ya hau motar farko, ko asibiti bai leƙa ba.

Sun iso da hantsi, rana ta riga ta fara gasa duwatsun titi. Gari ya cika ya batse da baƙi, kowa waya a sama, masu kiɗa na zagaya lunguna. Ottavio ya ja malafa har kan gira.

"Nives, wannan cunkoso ba na tsoho ba ne. Mu sha ƙanƙara mai zaƙi mu gangara mu tafi."

"Baba, kai da ka tura kilo tamanin har sama? Taho, wai ɗakin tutocin Unguwar Rijiya yana bayan wancan famfon."

Ya bi ta yana addu'ar a ce duk sa'anninsa sun mutu. A ƙofar ɗakin an jera tebura, mata na murza taliya mai kauri da tafin hannu, ƙamshin tafarnuwa ya cika lungun. Ciki kuwa, ƙarƙashin tutoci bakwai, wani tsoho na zaune da sanda tsakanin gwiwoyi, ƙafarsa ta hagu a miƙe, ba ta lanƙwasuwa. Ermete ne.

"Barka da rana, Kawu," in ji Nives. "Mahaifina ɗan unguwar nan ne, Ottavio Bencini. Wacce ce tutar shekararsa?"

Ermete ya ƙura wa malafar ido.

"Cire abin nan mu gan ka, ɗan banza. Kai, gashin ma ya gudu? Ashe gudu a jininku yake."

Matan da ke bakin ƙofa suka daina murza taliya. Ottavio ya cire malafa, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Tutar, Kawu," Nives ta sake cewa tana dariya, a zatonta wasan tsofaffi ne.

"'Yata, tutoci suna da yawa, ni kuma ido ya tafi. Bari tukuna. Ka san al'ada, Ottavio, ko Jamusawa sun wanke maka kai? Kafin a saki ganga, tsofaffin matura ne ke wucewa gaba, kowa da abokin turinsa. Ni kaɗai nake tafiya ba na biyu tun shekarar da ka sani. Yara har suna ce mini gwauron ganga. Yau dai na huta."

"Ermete, gwiwata..."

"Gwiwarka. To, sannu. Ni in ce me?"

Wata tsohuwa ta ciro ƙyallen unguwa, ja da fari, ta ɗaura wa Ottavio a wuya, ta ja ƙullin fiye da yadda ya kamata. Taliyar da aka zuba masa ko cokali uku bai ci ba.

Da la'asar aka jera su biyu-biyu a ƙofar gari. Ermete ya miƙa wa Nives sandarsa, ya dafa kafaɗar Ottavio da dukan nauyinsa. Baƙi na ta tafi, su ba su san komai ba. 'Yan gari kuwa, daga tagogi, in jerin ya zo kan su biyun sai tafin ya yi ƙasa, kawuna su haɗu. Ottavio ya ji sunansa sau uku, ba wanda ya kira shi da ƙarfi. Ya kafa ido a kan duwatsu. Kowane taku sai ya jira ƙafar nan ta jawo kanta ta iso, kuma Nives na gefe cikin jama'a tana ɗaukar su hoto, fuskarta cike da murna.

"Ba zan faɗa mata ba," Ermete ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma kafin ta gama cin abincin yamma wani zai faɗa. Matan Rijiya ba su canza ba."

"Me ya sa ka rufa mini?"

"Wa ya rufa maka? Aikinka ne, na bar maka abinka. Na gaji da ɗaukar rabonka."

A dandali aka zaunar da tsofaffi a inuwar coci. Can ƙasa an buga ƙararrawa, an saki ganguna, jama'a duk sun juya baya suna leƙen hanya. Nives ta ratso da ruwan sanyi, ta tsuguna tana nuna masa hotunan.

"Dubi nan, Baba. Sai na aika wa Inna wannan."

"Kada ki aika." Ottavio ya dube ta. "Babu tuta, Nives. Ba mu ci ba. Ni na saki gangar, ita ta karya wa Ermete ƙafa."

Ta dubi ƙafar Ermete, ta dubi ubanta.

"Tsautsayi ne ai. Ko ba haka ba?"

"Na gaji ne, na saki, ban gargaɗe shi ba."

"Amma ka je ka duba shi."

"Ban je ba."

Gangar farko ta shigo dandali, ihu ya tashi, ba ta waiwaya ba. Ta sa wayar a jaka a hankali. Kwalbar ruwan da ta kawo wa ubanta ta buɗe ta miƙa wa Ermete.

"Kawu, in an tashi ni zan raka ka gida. A ina kake?"

"Ƙasan gari, 'yata. Gangara ce, ta fi hawa wuya."

Ottavio ya buɗe baki zai ce shi ma zai zo. Ba wanda ya dube shi, sai ya rufe, ya zauna yana jiran ko za a kira shi.