Wa Zai Ce A Kai Mero?

Ƙanwata Mero ta dawo gidanmu a Furana goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsawo. Da hantsi Indo ungozoma ta fito daga ɗakin, hannunta duk jini.

"Sama'ila, ɗan a gicciye ya zo. Ya fi ƙarfina. Sai asibitin Zariya."

A bakin hanya akwai babbar mota ana loda mata mazarƙwaila. Direban ya ce da la'asar zai tashi, kuma akwai wuri a gaba.

"Amma ba na ɗaukar matar aure sai da yawun mijinta ko ubanta. Ban shirya zuwa gaban alƙali ba."

Na sami Baba a zaure.

"Baba, ka ce a kai ta."

"Ni? Ai na aurar da ita. Ikon Lado ce. Je ka ji ta bakinsa."

Na hau keke sai Malikanchi. Na tarar da Lado, mijinta, a gonar rake. Ina ambaton sunanta ya sunkuyar da kai. Cikin fari ne, ba ya maganarsa a gaban kowa.

"Yaya, ai tana gaban Baba. Ni wane ne da zan yanke magana a gidansa?"

"Za ta mutu, Lado."

Adda ta suɓuce daga hannunsa. Ya ce, "To Baba ya faɗa mana."

Na ɗora shi a bayan keke na kawo shi.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gaban Baba. Suka gaisa. Gida, gajiya, damina, mutanen Malikanchi, jikin tsohuwa. Daga ciki ba a jin komai. Mero ta cije gefen zani, don mai haihuwar fari ba ta kuka.

"Ga ku nan ku biyu," na ce. "Ɗaya ya ce a kai ta!"

Baba ya harare ni. "Can inda ka yi karatu haka ake yi wa manya? Ga mai iko nan."

"Sai abin da Baba ya ce," in ji Lado, hawaye na ɗiga a tabarma.

"A'a, ɗana, sai abin da ka ce."

Na ruga bakin hanya na ce wa direba sun yarda. Ya ce shi da kunnensa zai ji. Ya danna oda, ya ƙara, ya ja motarsa.

Kafin magariba Indo ta fito ta yi salati.

Washegari, bayan an kai Mero maƙabarta an dawo, ina zaune kusa da Baba ana karɓar gaisuwa. Ya juya wajen liman, idanunsa jawur.

"Yaron nan Lado akwai kunya, Malam. Har aka gama, bai ɗaga kai ya dube ni ba."

Liman ya ce, "Ɗan mutunci ke nan."