Mai Fassara wa Kurame

Ana dab da farawa mai kyamara ya ce ta ɗan matsa hagu, tana tare tuta. Ta matsa. Aikinta ke nan a gidan talabijin na gwamnati, ta tsaya a gefe, duk abin da manya suka faɗa ta mayar wa kurame da hannu. Yau ministan shari'a ne zai amsa zargin da jaridu ke yi wa jami'an tsaro.

Ƙanenta kurma ne, tela. Makon jiya aka tsayar da shi a shingen bincike, aka yi masa magana bai amsa ba, aka ce raini ne. Da aka sako shi yatsunsa a kakkarye suke. Yanzu yana asibiti hannu biyu a naɗe, ba ɗinki, ba magana.

Da safe da za ta fito daga gida, Inna ta biyo ta har bakin ƙofa.

"Ki rufa mana asiri. Abin da ministan ya faɗa shi za ki yi. Mutanen nan sun san gidanmu."

"Na ji, Inna."

"Sai dai akwai talabijin a ɗakin da aka kwantar da ƙanenki. Zai gan ki."

Jar fitilar kyamara ta kama. Minista ya gyara murya ya ambaci dimokuraɗiyya, ta yi alamarta. Ya ambaci 'yanci da tsarin mulki, hannuwanta suka bi shi tiryan-tiryan. Sai ya dubi kyamara.

"Ina tabbatar wa duniya, babu mutum ɗaya da ake azabtarwa a hannun hukuma."

Ta ɗaga hannu, sai ta ga ta sauke. Ta tsaya ƙiƙam har ya kai aya, sannan ta ci gaba.

Da aka gama, minista ya tsaya gabanta da fara'a.

"Kun ga dimokuraɗiyya ke nan," ya ce wa 'yan rakiyarsa. "Ko kurma ba mu bari a baya ba."

"Godiya nake, ranka ya daɗe."

Har ta rataya jaka, hankalinta ya soma kwanciya, shugaban sashe ya tare ta a matakala.

"Malama, hannunki ya sage ne a tsakiyar jawabi?"

"Jijiya ce ta riƙe ni, yallaɓai."

"Allah ya sawwaƙe. An bugo waya daga ofishin minista. Za a aika faifan jawabin ƙasashen waje, suna so ya cika. Gobe ki zo a sake ɗaukar wurin."

"To."

Ya juya zai tafi, ya waiwayo.

"Ya jikin ƙanen naki?"

Ba ta taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

"Da sauƙi," ta ce.