Ranar da Malam Ya Kira Tsamiya

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam, magana ta ɗauke masa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a jami'a yana koya wa ɗalibai yadda ake rarraba tsirrai dangi-dangi, kowanne da sunansa na kimiyya, sai ga shi ko "ruwa" ba ya iya cewa, sai dai ya nuna da hannun hagu. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta iya karanta idonsa, amma shirun gidan yana cin ta.

Wata rana da suka je asibiti, layi ya yi tsawo, barandar kuma ta ɗau zafi. Umma ta tura keken marasa lafiya da yake kai zuwa inuwar wata bishiya a bayan ɗakin magani, ta zauna tana yi masa fifita da katin asibiti. Wani busasshen kwanso ya faɗo kan cinyarsa. Ya ɗauka, ya jujjuya, ya ɗaga kai yana kallon ƙananan ganyayen. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Ta... ma... rindus," ya ce. Ya numfasa. "Indica."

Katin ya suɓuce daga hannunta. "Malam, me ka ce?"

Ya maimaita. Umma ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka.

"Kai, Malam! Ni na ɗaga ka, na kwantar, amma da bakinka ya buɗe tsamiya ka fara kira? Da sunanta na boko ma?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Da Umma ta gaya wa likitar da ke duba shi, sai likitar ta ce hanyar da ƙwaƙwalwa ta fi bi takan riga saura buɗewa. "Ku bi ta ƙofar da kuka samu."

Daga nan kayan miyar Umma ba sa shiga tukunya sai sun bi ta gaban Malam. Takan zube su a faranti ta haɗa su ba daidai ba da gangan, tumatir kusa da albasa. Sai ya tura tumatirin wajen barkono da yalo, yana harararta. Sunayen boko suka riƙa zuwa, na gida na bin bayansu a hankali, wasu kuma har yanzu ba su iso ba.

Wata safiya ta ajiye dankalin Hausa kusa da na Turawa. Wannan karon tsakani da Allah ta ɗauka 'yan uwa ne.

"A'a," in ji Malam. "Ba... dangi ba ne. Suna... kawai."

"Dankali ai dankali ne!"

"A'a!" Ya buga hannun kujera.

Umma ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa autarsu kira: "Auta, bar wankin nan ki zo! Babanki ya fara musu."