Kan Sarkin da Baba Nicodemus Bai Ɓare Ba

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da iyayi, kuma shi ne ya kai ni ya baro a gidan Baba Nicodemus. Har yau in na ga ruwa a farin kwano sai gabana ya faɗi.

Sunana Turai, 'yar Katsina ce ni, digiri na uku nake yi a fannin tarihi a nan Greensboro ta Amurka. Abin da nake bincike a kai, in na faɗa wa mutanenmu sai su kwashe da dariya: kan sarki. E, wannan 'yar takardar da ake liƙa wa ambulan. Kuma ba na ko'ina ba, na Jamus ta Gabas, ƙasar 'yan gurguzu da ta shuɗe tun 1990, kafin ma a haife ni. Mahaifiyata ta ce duk ilmin duniya ban ga na karantawa ba sai na ƙasar da ta mutu. Ni kuwa abin ya shiga raina. Ƙasa ce da ba ta da sarki, sai ta cika kan sarkinta da tarakta, da mata masu walda, da guduma, da hannun baƙar fata riƙe da na Bature an rubuta zumunci a ƙasa. Da waɗannan 'yan takardu take gaya wa Afirka wai ita ce 'yar'uwa ta gaskiya.

Sufabaizata ta ce hotunan intanet ba za su isa ba, in nemo mutumin da ya taɓa karɓar wasiƙa daga can. A Greensboro fa. Ina cikin wannan mitar a waya, a shagon kayan Afirka da ke bayan titin Wendover, wata mata da ke zaɓen daddawa ta taɓa ni. Ta ce sunanta Prisca, nas ce, 'yar Filato, kuma babanta, Baba Nicodemus, ya yi shekara biyar a Leipzig, can Jamus ta Gabas, yana koyon gyaran injinan noma. Yana zaune da ita a Pleasant Garden tun da mamarsu, Mama Christy, ta rasu bara. Ta ce in zo don Allah, ko ya sami mai sauraronsa, su sun gaji da labarin Jamus.

Ranar Asabar na tuƙa na je. Dattijo ne dogo, ya haura saba'in, hannunsa na rawa, idonsa ɗaya ya yi yana, ɗayan ma sai ya kawo abu dab da hanci. Hausarsa ta Jos ce, mai daɗi. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya laƙaba mini Farfesa, ni kuma, don rashin kunya, na amsa. Ya fito da gwangwanin biskit cike da ambulan. Na zauna ina ta zuba masa lacca a kan ma'anar kowane zane, shi da ya lashi bayansu da harshensa. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗora yatsa a kan mai hannaye biyun nan.

“A kan takarda 'yan'uwa ne mu, Farfesa. Je ki ofishin ɗaurin aure ki gani.”

Ban gane ba sai a zuwana na uku, ranar da Prisca ke shif ɗin safe. Ya ware ambulan tara ya jera a teburin kicin, duk rubutun hannu ɗaya. Ya ce na Renate ne, wata ma'aikaciyar asibiti da ya so a Leipzig. Sau uku suna neman izinin aure ana ce musu ana dubawa, har karatunsa ya ƙare aka sa shi a jirgi a 1986. Ita ba a barinta ta fita. Ya baro ta da ciki wata huɗu.

Wasiƙun da ke ciki ba komai sai labarin sanyi da gaisuwa, don kowa ya san jami'an tsaro na buɗe duk abin da zai fita ƙasar. Maganar gaskiya tana ƙarƙashin kan sarki. Renate takan yi ɗan rubutu mitsi-mitsi a kusurwar ambulan, ta shafa wa kan sarkin yawu gefe-gefe kawai, ta rufe. Shi kuma in ta iso Jos sai ya kara a bakin butar shayi, tururi ya ɗaga shi. Ya nuna mini takwas da ya ɓare. Ga rubutun nan, shuɗi-shuɗi mai ɗan ja, layi uku ko huɗu. A ta takwas ta ce haihuwa ta kusa, za ta bar ɗakin ma'aikata ta koma wani gari, kuma a wasiƙa ta gaba zai ga sunan abin da ta haifa da inda za su zauna.

Ta tara ce ta gaban. Kan sarkinta na nan daram, ba a taɓa shi ba.

Ta iso ne ana saura kwana shida bikinsa da Christy. Ya ce kada in tambaye shi yadda aka yi, iyaye da coci sun matsa, shi kuma ya ji tsoro, bai ce ya yi daidai ba. Bai ɓoye wa amarya ba, ya kai mata ambulan ya faɗa mata komai. Ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce ba za ta sa shi ya ƙona ba, amma ya yi mata alkawari ba zai ɓare ba muddin tana numfashi. Ya ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki ya yi. Shekara talatin da bakwai ambulan na cikin gwangwani, ya biyo su Legas, ya biyo su Amurka, ya yi shekarun da Baba ya yi yana ɗaga kwali a sito a Wendover. Bai san ko ɗa ne da shi ko 'ya ba. Sunan mahaifin Renate kuwa irin wanda rabin Jamus ke amsawa ne, na gwada a kwamfuta daga baya na ga ba a nan take ba. Prisca ba ta san komai ba, kuma ba ya so ya gaya mata sai yana da suna a hannu.

Yanzu Christy ta tafi, alkawari ya cika, amma hannu ya ƙi, ido ya ƙi. Shi ya sa ya ce in ɓare masa in karanta masa. Har ya ɗora buta a wuta kafin in zo.

To, a nan ne shaiɗan ya shiga, ko in ce halina, kada in ɗora wa shaiɗan abin da ba nasa ba. Kan sarkin da ke kan ambulan ta tara irin na zumuncin nan ne, uwa baƙa rungume da jariri, kuma wata shida ina nemansa don babi na uku na kundin digirina. Ina kallonsa ina jin tausayin Baba, wallahi ina ji, amma wani ɓangare na zuciyata lissafin yadda zai fito a shafi yake yi. Mu masu wannan harka an koya mana tururi na lanƙwasa kan sarki, yana kashe masa launi. Yadda ake yi shi ne a yanke kusurwar, a ɗora a ruwa mai ɗumi, ya saki da kansa lafiya lau.

Na tashi na kashe butar.

Ya ce da tururi suke yi. Na ce wannan hanyar da ce, Baba. Ya sake cewa, a hankali, shi dai da tururi ya saba. Na ɗauko ɗaya daga cikin takwas ɗin na nuna masa, na ce wannan ai biro ne, biro kuwa ko an kwana ana jiƙa shi ba ya narkewa. Ya ce shi ba ya tuna da me take rubutu. Ya murza gefen tebur da yatsa.

“Ke ce mai ilmin,” ya ce. “Yi yadda kika sani.”

Na sami farin kwano na tangaran a kabad ɗin Prisca, na tara ruwa a famfo, na gwada ɗuminsa da bayan hannu kamar mai shirin wankan jariri. Na sa almakashi na yanke kusurwar. Ƙarar yankan ta sa shi ya runtse ido. Na ce bismillah, shi ya ce cikin sunan Yesu, na ɗora takardar a kan ruwan.

Ban kai ga ƙirga goma ba. Wani siririn zare mai launi ya fito daga ƙarƙashin kan sarkin, ya miƙe cikin ruwan, wani ya biyo shi ta ɗaya gefen. Na manta gefe-gefe kawai aka liƙa, ruwan ya shige tsakiya kai tsaye. Na kai hannu na fizgo, kan sarkin ya zame ya bar takardar, babban yatsana kuma ya bi ta kan wurin. Abin da ya rage a kusurwar ambulan tabo ne guda, jiƙaƙƙe, yana ɗiga. Ruwan kwanon ya koma kamar an tsoma zoɓo an cire.

Ba biro ba ne. Wani fensir ne da ma'aikatan ofis da asibiti ke amfani da shi a can, in yana bushe toka-toka ne kamar kowane fensir, in ya ji danshi sai ya rine. Tururin Baba ne ya ba takwas ɗin nan launin da na gani, ya rina su bai wanke su ba. Abin da ya fi ci mini rai, na san da wannan fensir. Mun karanta shi a shekarata ta farko, a kwas ɗin adana takardu, har na ci jarrabawar.

Baba bai ga komai ba. Yana zaune ya miƙe wuya, ya juyo mini da kunnensa mai kyau, ya gyara kwalar rigarsa kamar wanda za a gabatar wa baƙo.

“Karanta mini, 'yata. Kada ki yi sauri.”

Allah ya sani na yi tunanin ƙarya. Sunayen Jamusawa nawa na sani, da na zaɓi ɗaya na ba shi ya riƙe. Na kai takardar taga, na haska da fitilar waya, na juya ta baya ko fensirin ya bar sawu. Ba ko harafi ɗaya. Na durƙusa a gaban kujerarsa na gaya masa abin da na yi, duka, har da babi na uku. Ina magana ina kuka, irin kukan da ba ya gyara komai.

Motar makwabta ta fita, firji ya tashi ya yi ƙugi ya kwanta. Ni da zai zage ni da na fi samun sauƙi.

“Ko namiji ne ko mace,” ya ce, “wannan ma ba ki gani ba?”

Na ce ban gani ba, Baba.

Ya gyaɗa kai. Ya lallaɓa teburin da tafin hannu har ya taɓa kwanon, ya jawo shi gabansa da hannu biyu, a hankali don kada ya zube. Ya sunkuya ya kawo idonsa mai gani dab da ruwan. Ya ce lokacin da yake yaro a Jos ya sha ganin makwabtansu Musulmi suna wanke allo su sha, ko ba haka muke yi ba? Na ce haka ne, amma wannan fensirin akwai guba a cikinsa, don Allah kada ya kai baki. Ya ce ya ji. Ya ce in duba ƙarƙashin sinki, Prisca na tara kwalaben jam, in wanke masa ɗaya mai murfi.

Na wanke, na goge, na juye ruwan ban bar ɗigo ba. Ya karɓa ya murɗa murfin iya ƙarfinsa, ya ajiye kwalbar a cikin gwangwanin biskit, a inda ambulan ta tara take zama. Murfin gwangwanin ya ƙi rufuwa, ya bar shi a haka.

Na ce zan kai tabon laburare, akwai fitilu na musamman, wataƙila a ga wani abu. Ya ce in kai. Na kai kuwa, mako biyu bayan nan, matar da ke kula da tsofaffin takardu ta gwada duk abin da take da shi, ta ba ni haƙuri. Amma tun a ranar, daga yadda ya ce in kai, na san bai sa rai ba.

Na tattara jakata zan fita, ya kira ni. Bai ce Farfesa ba, Turai ya ce. Yana ta shafa teburin har yatsarsa ta sami kan sarkin inda ya faɗi a kan tawul. Ya riga ya fara bushewa, ya miƙe sumul, launinsa ko gezau, haƙoran gefensa ba wanda ya karye. Uwar na rungume da jaririnta.

Ya miƙo mini shi a tafin hannunsa.

“Ungo, na babi na uku. Duba mini, shi bai yi komai ba, ko?”

Na duba. Bai yi komai ba.