Hoton da Hawaja Ya Ɗauka a Gindin Kuka

Tun a motar zuwa garin Abu Na'ama nake ja wa kakana Alhasan kunne, kamar ni na haife shi.

"Kaka, don Allah kalma ɗaya ce. In sun tambaye ka, ka ce i, ubanka ne. Kalas, shi ke nan."

Bai ko dube ni ba, carbinsa kawai yake ja.

Gonarmu ta bakin kogi ce ake shirin ƙwacewa. Wani kamfani ya zo da takardar cewa duk wannan gaɓar daji ce marar mai ita, mu kuwa baƙi ne, jiya-jiya muka sauka. Aka kafa lajna, wato kwamiti, suka ce duk gidan da ya kawo shaidar yana nan tun kafin a gina dam ɗin Makwar, za a bar masa gonarsa. Mu ina muka ga shaida? Kakanninmu da ƙafa suka taho daga Sakkwato, ba wanda ya rubuta musu komai.

Sai ga ɗan'uwana Uzairu, da ke karatu a Turai, ya turo min hoto a waya. Wani hawaja, Bature mai yawon gano ƙasashe, shi ya ɗauke shi shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Ga kukarmu nan mai rassa biyu, wadda har yau take tsakiyar gonar. A gindinta maza uku cikin rami, daga su sai ɗan bante, laka har wuya. Na tsakiyan, wallahi Kaka ne sak, har tsagar Gobirawan da ke kumatunsa.

Labarin ramin ba wanda bai san shi ba a gidanmu. Kabari ne. Mahaifin Kaka, Malam Ladan, yana saurayi uwarsa ta rasu a nan, ga damina, ga riga ɗaya tak da zai yi mata salla da ita. Shi da abokan tafiyarsa suka tuɓe, suka rataye rigunan, suka shiga haƙa. Shi kuwa hawaja ya tsaya daga nesa, ko sallama babu, ya ɗauki abinsa ya wuce.

Ranar da na kai wa Kaka wayar, kallo ɗaya ya yi ya kawar da kai. A wurinmu ɗa ba ya kallon tsiraicin ubansa, ko a hoto.

Ofishin lajna cike yake maƙil, ga zafi, fanka ta mutu. Da aka kira gidanmu sai na matsa gaba. Na miƙa wayar, ban san za su haɗa ta da babban allon bango ba. Kafin in ce wani abu, ga Malam Ladan a bango, ya fi mutum girma, kowa na kallo.

Lauyan kamfanin, wani Ustaz Hamid mai ƙamshin turare, ya miƙe yana murmushi. Ya ce akwai rubutun hawaja a ƙasan hoton, bari ya fassara wa jama'a da Larabci. Ya karanta a hankali, da gangan: mutanen daji na gaɓar kogi, ba su san sutura ba, ba su san Allah ba, suna tonon saiwa su ci kamar namun jeji.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Kai! Ji na yi kamar in cire takalmi in jefe shi. Mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, shi ne bai san Allah ba?

Shugaban lajna ya buga tebur, ya tura Alƙur'ani gaban Kaka.

"Ya hajj, kukar mun gane ta, kamanninku ma mun gani. Saura rantsuwarka. Wannan na tsakiya ubanka ne?"

Kaka ya sunkuyar da kai, ya ƙi kallon bangon. Na matsa kusa da kunnensa.

"Kaka, gonar ce fa. Jikokinka me za su ci? Ka ce i!"

"Ya hajj, mutane na jira," in ji shugaban. "I ko a'a?"

Kaka ya dafa sandarsa ya miƙe. Bai taɓa Alƙur'anin ba.

"Ban san shi ba," ya ce.

Shi ke nan, shugaban ya ja biro ya kira gida na gaba.

A waje na fashe. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya kashe mu, na ce mamaci ba ya jin kunya, mu rayayyu mu ke jin yunwa. Ina faɗa ina kuka, mutane na kallonmu. Ya bar ni har na gaji don kaina, sannan ya zauna a kan dakalin mai shayi.

"Ramatu, wagga waya taki, tana iya yanke hoto?"

"Tana iyawa," na ce, a fusace.

"To yanke min fuskar kaɗai ki ba ni. Tun ina yaro rabona da ita."