Taɓon Ragar Layin Dogo

Shaun Tordoff ya dire kwalin farko a bayan ƙofar mahaifiyarsa, tukwanen da ke ciki suka yi ƙara. Ya koma mota ya ɗauko na biyu yana ɗingishi, don gwiwarsa ta hagu ba ta sakin jiki sai rana ta ɗaga.

"Ga Akwati nan ya iso," in ji yayarsa Donna daga kicin, ko juyowa ba ta yi ba. "Mama, ba shi kujera da sauri kafin a sake sayar da shi."

Akwati shi ne sunan da 'yan kallo suka laƙaba masa tun da daɗewa. Kelthorpe, kulob ɗin garinsu, su suka fara sallamarsa yana saurayi, suka ce ba shi da gudu. Daga nan ya shiga yawo a ƙananan rukunai, yau arewa gobe bakin teku, a filayen da ke maƙale tsakanin gidan mai da wurin sayar da katako. Ya sumbaci tambarin jar riga, ya sumbaci na shuɗiya, ya sumbaci na mai ratsi, har ya daina duba abin da aka zana a jiki. Matarsa Kerry kuwa labule ɗaya take ta yawo da shi, wannan gidan haya ta rage masa tsawo, wancan ta kwance ɗinkin.

Yanzu shekarunsa talatin da biyar, yana buga wa Ossbury gaba. Yau ne wasan ƙarshe na kakar wasannin bana, kuma ya gama shawara da Kerry: daga yau ya ajiye takalmi, su dawo gida. Mahaifiyarsa Maureen ta ce saman benen nan babu kowa tun da ubansu ya rasu, su zo su zauna. Abin da ya ɓata lissafin shi ne, da Kelthorpe za a buga wasan, a filinsu. In an yi canjaras Kelthorpe ta tsira. In an ci su sun faɗa rukunin ƙasa, ita kuwa Ossbury ta haye sama.

Maureen ta tura masa faranti, ƙwai biyu da gasasshen burodi, ta zuba masa shayi mai kauri.

"Ka rame," ta ce.

"Ƙiba ya yi, Mama, wuyansa ne ya ɓace," in ji Donna. "Kai, gaya mini gaskiya, yau za ka buga ko benci za ka ɗumama?"

"Da ni za a fara."

"To Allah ya sa ka ci kanku."

Maureen ba ta yi dariya ba. Ta zauna gabansa tana juya cokali a kofi.

"Ni ban ce kada ka ci ba," ta ce. "Aikinka ne. In ƙwallo ta zo ƙafarka ka buga, garin nan zai yi fushi ya huce. Abu ɗaya nake so. Kada ka faɗi a gaban ubanka."

Shaun ya san abin da take nufi. Shekara arba'in mahaifinsa Malcolm Tordoff ya yi yana tsayuwa kallo a filin Kelthorpe, bayan ragar da ke wajen layin dogo, kuma da ya rasu aka ƙone gawarsa, can ya ce a zuba tokarsa. Wata Litinin mai kula da fili ya buɗe musu ƙofa, ya roƙe su su baza ta sosai don toka in ta taru wuri ɗaya tana kashe ciyawa. Da hannunsa Shaun ya baza, daga wannan turken raga zuwa wancan. Malcolm zai yafe wa ɗan wasa rashin iyawa, zai yafe masa lalaci ma, amma wanda ya zube ƙasa ba a taɓa shi ba, sai ya bi shi da zagi har bakin motarsu.

"Haba Mama," in ji Shaun, bakinsa cike da burodi. "Wa ya ce miki ina faɗuwa?"

Donna ta yi dariya har ta ƙware.

Ɗakin canza kaya na baƙi a filin Kelthorpe da gangan aka bar shi haka. Bango na tsatsafar da ruwa, ƙofar banɗaki ba ta rufuwa, kuma wani ya riga ya shiga ya bar musu wari. Yana yaro Shaun ya sha jin manya suna alfahari da wannan ɗakin. Yau shi ne a ciki, zaune kan benci mai sanyi yana naɗe gwiwa, warin man zafi da na tsohon gumi na hawa masa kai. Kusa da shi wani yaro ɗan wasan tsakiya ya toshe hanci ɗaya ya fyace majina a ƙasa, ya taka da takalmi.

Kocinsu Terry Blenkin ya zo ya tsaya a kansa, yana taunar cingam da buɗaɗɗen baki.

"Akwati. Ka ga ɗan bayansu mai lamba biyar? Jiya-jiyan nan ya fara aske gemu. Hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ka shiga gabansa, ka bari ya taɓa ka, sauran ka sani."

"Oga, garinmu ne."

"Garinku? Wanne daga ciki?" Ɗakin ya ɗauki dariya. "Kai tsoho, kana tsammanin don gudu na kawo ka? Kakata ta fi ka gudu, kuma ta mutu. Abu ɗaya ka iya a duniya, shi nake so yau."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi wa Shaun zafi. Tun da gudu ya ƙi, sai ya koyi wata sana'ar. Ya san yadda ake jan ƙafar baya ta goga ta ɗan baya, yadda ake sakin gwiwa, irin ƙarar da ake yi don alƙali ya ji amma kada ta yi yawa. Wani tsohon ɗan gaba ne ya koya masa a kulob ɗinsa na uku, suna yi a kan katifa ana tafa musu. Da wannan ya ciyar da gidansa. Ya ɗaure igiyar takalmi ya ce a ransa yau dai a tsaye zai gama.

Wasan bai yi kyau ba. An kwana ana ruwa, fili ya zama kunu, ƙwallo ta fi daɗewa a sama fiye da ƙasa. Duk lokacin da Shaun ya taɓa ta sai 'yan garin su rera masa, "Akwati, Akwati, ina za ka gobe?" Amma da wasa a ciki. Wani ƙato da suka yi firamare tare ya leƙo ta kan shinge ya yi ihu, "Shaun, ka bar mana ita, giyarka a kaina har Kirsimeti!" Aka tafi hutu ba ci.

Bayan hutu Ossbury suka juya suna kai hari ragar layin dogo. Shaun ya hango mahaifiyarsa a layi na uku, da tsohon gyalen ubansa mai ja da fari a wuyanta, Donna na gefenta. Sau biyu yaron nan mai lamba biyar ya riƙe masa riga, sau biyu Shaun ya cije ya tsaya. Daga bakin fili Blenkin na ta zaginsa, cingam na tsalle a bakinsa.

Ana dab da tashi aka ɗago wata doguwar ƙwallo. Shaun ya tare ta da ƙirji, ya juya cikin da'irar gola, ya ji numfashin yaron a bayan kunnensa. Yaron ya tuna abin da aka gargaɗe shi, ya janye, ya ɗaga hannayensa biyu sama. Ba abin da ya taɓa Shaun. Amma ƙafarsa ta baya ta riga ta ja, gwiwa ta saki, ƙarar nan ta fita daga bakinsa daidai gwargwado. Bai yanke shawarar komai ba. Jikin ne ya yi abin da ya saba, kamar yadda hannu yake kai wa ga aljihu.

Ya zo ƙasa da fuska, bakinsa a buɗe, tsakanin turakun nan biyu. Taɓo ya cika masa baki, mai sanyi, mai yashi-yashi, yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Usur ya yi ƙara. Alƙali ya nuna fanareti.

Ya miƙe a hankali. Ya tara abin a baki zai tofar, sai ya tuna inda yake tsaye. Ya san shekaru sun wuce, ruwa ya wanke, an sake shuka ciyawa ba sau ɗaya ba. Duk da haka ya kasa tofarwa, ya kasa haɗiyewa. Ya rufe baki ya riƙe.

"Ban taɓa shi ba!" yaron yake ta faɗa, idonsa ya kawo ruwa. "Ka gaya masa mana! Don Allah ka gaya masa!"

Ko da ya so faɗa, bakin a cike yake. Kyaftin ɗinsu ya danna masa ƙwallo a ciki. "Naka ne, tsoho. Kada ka ba mu kunya."

Zai iya buga ta sama, ta haye shinge ta faɗa kan layin dogo. Ya yi wannan tunanin yana ja da baya. Gola ya karkata hagu tun kafin lokaci, ƙafar Shaun ta gani, ta tura ta dama a hankali. Raga ta motsa.

Akwai abin da ake yi in mutum ya ci tsohon kulob ɗinsa: ba ya murna, sai ya sunkuyar da kai ya ɗaga tafukansa biyu, alamar a yi haƙuri. Shaun ya yi wannan a garuruwa da yawa har ya zame masa kamar gaisuwa. Ya juya ga mutanen bayan raga ya ɗaga hannu. A daidai nan 'yan wasansu suka iso a guje, uku suka dira a bayansa lokaci ɗaya. Abin da ke bakinsa ya fita da ƙarfi, baƙi, ya tsallake layin fili ya manne a allon talla, gaban layin farko.

Wurin ya fashe da ihu.

"Ya tofa mana! A kan ubansa ya tofa!"

Kofunan shayi suka fara sauka, da guntun burodi, da kwalbar roba da ba ruwa ne a ciki ba. Ƙaton nan na firamare yana ƙoƙarin haye shinge, mutum biyu na riƙe da shi, jijiyar wuyansa ta fito. Shaun ya nemi layi na uku. Donna na tsaye tana zaginsa da baki da hannu. Maureen na zaune, tana ninke gyalen a cinya.

A ɗakin canza kaya aka yi ta tsalle tsirara ana fesa giya. Blenkin ya rungume shi, ya manna masa jiƙaƙƙen baki a kumatu.

"Shege tsoho! Kun ga faɗuwa? A makaranta ya kamata a riƙa koyar da ita! Wace ajiye takalmi? Shekara ɗaya na ƙara maka, ka zo Litinin."

Shaun ya shiga banɗakin nan mai wari ya kuskure baki a famfo. Ya kuskure ya sake kuskurewa, yashin na nan a bayan haƙoransa.

Sai da jama'a suka watse 'yan sanda suka bar shi ya fita ta ƙofar baya. Rana ba ta faɗi ba da ya tsaya a layinsu. Kwalayen nan biyu suna waje a kan dakali, an jera su da kyau, an rufa musu leda saboda yayyafi. Ya ƙwanƙwasa. Maureen ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar, ba ta matsa ba.

"Mama, ba tofi na yi ba. Taɓo ne ya cika mini baki, na riƙe shi ne don..."

"Na sani. Na ga kumatunka. Na gaya wa Donna ma, ba ta yarda ba."

Ya ji wani sauƙi ya taso masa, har ya ɗaga ƙafa zai shiga.

"Faɗuwar fa?" ta ce.

"Ya taɓa ni ta baya."

"Shaun. A layi na uku nake."

Daga ciki yana jin ƙamshin albasa da ƙarar talabijin, da Donna tana buga tukwane da gangan.

"Yaron nan Callum sunansa," in ji Maureen. "Uwarsa ce take mini gashi. Ranar Talata zan je in zauna a kujerarta." Ta dube shi daga sama har ƙasa, yadda take duban kifi a kasuwa in ya kwana. "Har ni za ka yi wa ƙarya? A bakin ƙofata?"

"Ban yi niyya ba, Mama. Jikina ne kawai."

"To. Kai shi inda ake son sa."

Ta rufe ƙofar a hankali, ba ta buga ba.

Ya ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya ya mayar bayan mota, tukwanen suna ƙara. A gidan da ke kallonsu wani ya ɗaga labule ya saki. Ya zauna a mota, ya sa farce yana sakace haƙori, ya fito da ɗan ƙwayar yashi. Ya dube shi a kan yatsa, ya rasa inda zai shafa, ya shafa a wando.

Wayarsa ta yi ƙara. Kerry ce.

"Na ji kun ci," ta ce. "Kai ka ci ma! Na fara sauke labule. Mama ta auna mini tagar saman?"

"Mayar da shi," ya ce. "Litinin zan je wurin Blenkin."